A buɗe wa masu shiga SS1 ajin lissafi na ganin dama, kuma kada a sa masa kuɗi

Yaron da ya rubuta jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare yakan ajiye biro tun wajen watan Mayu ko Yuni, kuma ba zai sake zama a benci ba sai Satumba. A makarantun gwamnati wani lokaci har a shiga Oktoba ana jiran jerin sunayen waɗanda aka tura kowace babbar sakandare. Wata uku zuwa huɗu ke nan yaro bai buɗe littafin lissafi ba. Ranar da ya sa ƙafa a SS1 kuwa, tun bai gama sanin hanyar ajinsa ba za a tare shi da tambayar da ta fi kowace nauyi a karatunsa: kimiyya za ka yi, ko adabi, ko kasuwanci? Ɗan shekara goma sha biyar ne fa. Da yawansu abin da suke tsoro kawai suke gudu, kuma abin tsoron nan kusan kullum lissafi ne.

Ra'ayina shi ne kowace babbar sakandare ta gwamnati ta buɗe wa sababbin ɗalibanta ajin lissafi na musamman, a cikin wannan dogon hutu da kuma zangon farko na SS1. Aji na ganin dama: wanda ya so ya zo, wanda bai so ba babu mai tuhumarsa. Babu kuɗi, babu jarrabawar shiga, babu makin da zai hau katin sakamako. Na koyar da lissafi a sakandare, kuma babu abin da ya fi ci mini rai irin in ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya rufe wa kansa ƙofar injiniyanci ko kwamfuta a mako guda, saboda wani abu da za a iya warware masa a zama kaɗan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a SS1 ya san yadda makonnin farko suke. Manhaja ta ce a fara da ƙirga a tushe daban-daban, sai indisis, sai logaridim da teburinsa na littafin fo-figa, sai set. Malami yana da yara tamanin ko ɗari a gabansa, wasu a kan taga, yana da minti arba'in. Ya rubuta misali, ya warware, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji duka ya ɗauka, "Eee!" Shi ya san ba su gane ba, su ma sun san ya sani, amma mako mai zuwa mai duba aiki zai buɗe littafin tsarin darasi ya ga ko an kai inda ya kamata. A layin baya akwai yarinyar da ke ba da canjin dubu biyar da ka a shagon mahaifinta ba ta taɓa yin kuskure ba, amma in ka rubuta mata rabi a tara da sulusi sai ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ta ba ka biyu bisa biyar. A layin gaba kuma akwai yaron da ya gama aikin tun malami bai rufe baki ba, ya kifa kai a tebur don babu abin da za a ƙara masa. Su biyun duka ajin bai tsinana musu komai ba. Ita za ta yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da kan lissafi. Shi kuma zai ɗauka lissafi bai wuce kwafar hanya daga allo ba, har ranar da zai shiga aji ɗaya na jami'a ya gamu da kalkulas ya rasa inda zai kama.

Za a ce ai akwai lesin. Akwai, ga mai hali. Makarantun kuɗi sun daɗe da gane amfanin wannan hutu, shi ya sa da yawansu suke kiran yaran da suka gama JSS3 su dawo a fara musu karatun SS1, iyaye su biya. Ɗan mai gadi da ɗan mai faci suna gida ko suna bakin titi. Idan aka haɗu a Satumba, an riga an ba wani tazarar zango guda tun ba a busa usur ba. Ko shi lesin ɗin, mafi yawansa gaggawar cinye manhaja ne: abin da za a koyar a Oktoba a koyar da shi a Agusta, da salo ɗaya, da "kun gane" ɗaya. Sai kuma babban lesin na SS3, inda ake tara yara a haddace musu tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai gane kaso ba a SS1, haddar wata uku a SS3 ba za ta gyara shi ba, kuma daga nan ne ake fara neman cibiyar da za a rubuta masa amsa a allo.

Ajin da nake magana a kai daban yake, kuma gara in nuna abin da za a yi a cikinsa, don a nan ne maganar take.

Ka shiga ka ce wa yara: yau Talata, bayan kwana ɗari wace rana ce? Ka yi shiru. Wasu za su fara ƙirga da yatsu, wasu su zana kalanda. Can sai wani ya ce, "Malam, ai duk bayan kwana bakwai Talata ce ke dawowa, kamar yadda in an haihu Talata ake suna Talata." Daga nan sai su gano da kansu cewa bakwai sau goma sha huɗu 98 ne, saura biyu, don haka Alhamis ce. Sai ka ce, to bayan kwana dubu fa? Bayan kwana miliyan? Abin da suka yi yanzu shi ne darasin da manhajar SS1 ke kira lissafin modula, amma sun shige shi ta ƙofar gidansu, kuma ba za su manta ba domin su suka gano shi.

Wani zaman ka zana gida tara, uku-uku, ka ce a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla iri ɗaya. Za su yi ta gogewa suna sakewa, a yi ta gardama, har wani rukuni ya dace. Kada ka tsaya a nan. Tambaye su: me ya sa jimlar take zama 15 a wajen kowa? Me ya sa duk wanda ya dace, 5 ce a tsakiyarsa? Ta farko ba ta da wuya: jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka uku ne a kwance, kowanne ya ɗauki 15. Ta biyu ce mai daɗin. Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Wato 60 ita ce 45 da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Ragowar 15 a raba uku, 5 ke nan, kuma babu yadda za a yi ta zama wata lamba. Na sha ganin fuskar yaro a daidai lokacin da wannan hujja ta zauna masa. A karon farko a rayuwarsa ya san wani abu tabbas, ba don malami ya faɗa ba, ba don yana bayan littafi ba. Wannan shi ne lissafi, kuma yara da yawa suna gama sakandare da kiredit a takarda ba su taɓa ɗanɗana shi ba.

A nan ne kuma za ka gaya musu cewa wani malamin ƙasar Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje masu layuka mara, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Na san wasu iyaye in suka ga zanen za su tuna da hatimin 'yan tsibbu. Sai a yi musu bayani a fili cewa lambobi da hujja ake koyarwa, babu wani abu bayan wannan. Amfanin ambaton al-Kashnawi shi ne yaran Arewa sun sha jin cewa lissafi ba namu ba ne, har wasu sun yarda. Ya kamata su ji sunansa, su ji na Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, su ji na Farfesa Abba Gumel, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero, ya yi suna a Amurka wajen amfani da lissafi don gane yadda cututtuka ke yaɗuwa.

Ita kuwa yarinyar nan mai biyu bisa biyar, ga abin da zan kawo mata. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwa suna da sulusi biyu. A raba dukiyar gida shida: miji uku, su huɗu. Uku da huɗu bakwai, alhali gida shida ne. Yaya za a yi? Bari su yi ta juya abin. Malaman fiƙihu sun ruwaito cewa irin wannan mas'ala ta taso a zamanin Sayyidina Umar, aka warware ta da abin da ake kira auli: a mayar da rabon gida bakwai, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon kasonsa. In dukiyar naira 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Yarinyar da ta bi wannan da hannunta ta gane dalilin da ya sa ake neman asali ɗaya kafin a tara kaso, ta kuma shiga darasin gwargwado ba ta sani ba. Rabi da rubu'i da sumuni da sudusi kalmomi ne da take ji a Islamiyya, babu wanda ya taɓa gaya mata cewa su ne abin da ke firgita ta a allon boko. Ba sabon abu ba ne ma: littafin aljabara da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kaso nasa mas'alolin gado da wasiyya ne. Ajin na kowa ne, Musulmi da Kirista, don haka malami mai hankali zai haɗa da lissafin adashi, da ribar ɗan kasuwa, da awon fili, da yadda magini ke fitar da kusurwa da igiya mai awo uku, huɗu, biyar.

Akwai suka mai ƙarfi da za a yi wa wannan shawara, kuma ban raina ta ba. Za a ce: yaran da ba su iya sau ba, kana maganar hujja da zurfafawa? A fara gyara tushe mana. Gaskiya ne tushen ya lalace. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta muhawara kan adalcin gwajin da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya ce firamarenmu lafiya take. Sai dai yaron da zai shiga SS1 bana ba zai jira a gyara firamare ba, shekararsa tafiya take. Kuma ku sake duba misalan da na kawo. Babu wanda ya buƙaci fiye da tarawa da rabawa. Mai rauni yana samun gyaran tushe a cikinsu ba tare da an mayar da shi aji uku na firamare an kunyata shi ba, mai ƙarfi kuma yana da inda zai zarce: gida tara ya koma ashirin da biyar, kwana ɗari ya koma tambayar ranar da aka haife shi. Tambaya mai kyau tana ɗaukar su duka biyun, abin da darasin minti arba'in ba ya iyawa.

Me ya sa na dage a kan ganin dama? Domin duk abin da muka mayar dole a makarantunmu, bulala da maki suke biyo shi, daga nan kuma sai kwafa. Yaron da ya zo da ƙafarsa ba ya jin kunyar cewa bai gane ba. Na yarda akwai rauni a nan: wanda ya fi tsoron lissafi shi ne zai fi saurin cewa ba ya zuwa. Maganin wannan shi ne zaman farko ko na biyu a tara kowa, kowa ya ɗanɗana, daga nan a bar wa yaro zaɓi. Malaman JSS3 kuma sun san yaransu. Kalma ɗaya daga bakin malami, "Ke Hauwa, ina so in gan ki a ajin nan, za ki iya," ta fi kowace sanarwa a filin taro aiki.

Ban yarda a tace da jarrabawa ba kuma. Muna da tsarin tacewa, ya kuma yi amfani. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe a 1977 sun fitar da likitoci da injiniyoyin da jihar ke taƙama da su har gobe. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali, wadda aka kafa a 1988, tana shirya gasa tana zaɓen waɗanda za su wakilci Najeriya a gasar lissafi ta duniya. Ga gasar Cowbellpedia da yara ke kallo a talabijin. Duka waɗannan suna ɗaukar wanda ya riga ya haska ne. Ina wurin da yaron makarantar jeka-ka-dawo ta unguwa zai fara haskawa? Wanda bai taɓa ganin tambayar da ba ta cikin manhaja ba, ta yaya zai ci jarrabawar tacewa? Ajin ganin dama shi ne matakalar da babu ita a ƙasa.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu karatun ɓangaren adabi, daga baya ta fayyace cewa har yanzu kowane ɗalibi zai rubuta lissafi a jarrabawar kammala sakandare. Na fahimci dalilin, domin akwai yaran da suka yi shekaru a gida saboda darasi ɗaya da ba shi za su karanta ba. Abin da nake tsoro shi ne yadda maganar ke isa kunnen ɗan SS1: "an cire lissafi." Hanyar gudu ta ƙara faɗi ke nan. Idan an sassauta tilas, to wajibi ne a ƙara jan hankali, in ba haka ba za mu wayi gari ajin kimiyya na makarantun gwamnati ya ƙara ƙanƙancewa. Lauya da ɗan jarida da alƙalin kotun shari'a mai rabon gado ma suna buƙatar sanin mece ce hujja.

Sai maganar lokaci, wadda in aka yi sakaci da ita shirin zai zama na 'yan birni maza kawai. Hutun nan damina ne. Yaron ƙauye yana gona daga shuka har noma na biyu, babu uban da zai sake shi da safe don lissafin ganin dama, kuma yana da gaskiya. A birni ana iya yin zaman safe cikin Agusta, a karkara kuwa a bari sai an koma makaranta. Yammacin Alhamis da Juma'a yawancin makarantun Islamiyya da na allo suna hutu, don haka ba a shiga lokacin kowa ba. Zama biyu a mako, awa ɗaya da rabi, ya isa. 'Yan mata su tashi da sauran rana, a makarantarsu ko mafi kusa da gida, in da hali da malama mace, kuma a je a yi wa iyaye bayani baki da baki. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a tsakanin JSS3 da SS1 ne karatun 'yan mata da yawa ke yankewa. Ba na cewa ajin lissafi zai hana hakan shi kaɗai, amma yarinyar da ke zuwa makaranta sau biyu a mako, malamarta ta san gidansu, ba ta ɓacewa shiru kamar wadda ta yi wata huɗu babu mai tambayarta.

Wa zai koyar? Malaman lissafi sun yi ƙaranci, waɗanda ake da su kuma an yi musu yawa. Amma duk shekara ana turo masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta lissafi da injiniyanci da fiziks, a ajiye wasunsu a ofisoshin da babu aikin yi. Ga ɗaliban kwalejojin ilimi da ke neman wurin gwajin koyarwa, ga malaman da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu, ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai irin su KASSOSA ta makarantun kimiyyar Kano. Abin da suke buƙata horo ne na 'yan kwanaki, musamman kan abu mafi wuya ga malami, wato ya yi tambaya ya iya kame bakinsa har yara su nemo amsa. Sai ɗan littafin tambayoyi da sassan lissafi na jami'o'inmu za su iya tsarawa, da Hausa da Turanci gefe da gefe. Kuma a biya su alawus, a kan lokaci. Aikin sa kai yana da kyau, amma ba ya kai shekara biyu in malami yana cire kuɗin mota daga aljihunsa. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Kuɗin da wannan aji zai ci, alli da takarda da alawus, bai kai na ginin ajujuwa kaɗan ba. Abin da za a tsare shi ne kada ya koma kwangilar sayen kaya, kuma kada wata makaranta ta fake da shi ta ƙaƙaba wa iyaye kuɗin fom ko na littafi. Ranar da aka sa masa naira ɗari biyar, waɗanda aka yi shi dominsu su ne za su fara zama a gida.

Abu na ƙarshe yana hannun shugabannin makarantu, ba ya buƙatar ko kwabo. A daina rufe rajistar kimiyya da adabi da kasuwanci a makon farko. A bar ƙofa a buɗe har ƙarshen zangon farko, yadda yarinyar da ta gudu ajin adabi don tsoro, ta zo ajin ganin dama ta ga ashe tana iyawa, za ta iya komawa kimiyya ba tare da an ce mata lokaci ya wuce ba, wanda kuma ya shiga kimiyya don abokai ya gane ba wurinsa ba ne ya fita da mutuncinsa. Waɗanda abin ya kama su sosai kuma a nuna musu darasin lissafi mai zurfi da ake kira Further Maths, wanda WAEC da NECO duk suna yin jarrabawarsa, amma makarantun gwamnati da yawa ba sa koyarwa don babu malami ko babu masu nema. In aka samu yara ashirin a makaranta suna neman sa da bakinsu, shugaban makaranta yana da hujjar da zai kai wa hukuma ya ce a turo masa malami.